Dutsen Mambila Da Ramin Isiyaku

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe maigari, Allah ya gafarta liman, dattawa iyayenmu, iyaye mata, jama'ar Tajaye baki ɗaya, ina gaishe ku, kuma na gode da kuka ba ni dama. Ni ne Tanimun maginin rijiya. Na ji mutum ashirin sun shirya tafiya Mambila ranar Alhamis haƙar dutsen safaya, ciki har da ƙanena Dogo. Shi ya sa na miƙe.

Da farko, ba ƙarya suka ji ba. Dutsen nan shuɗi yana da tsada, har sarakunan duniya ke sa shi a zobe. Dillalai sun ce mafi shahara daga Kashmir ya fito, kuma ramin can ya ƙare tun kakanninmu ba su yi wayo ba. Amma mai tsadar sai ya haɗa abu uku: shuɗi mai zurfi kamar sabon rini, girma, da ciki garau. Kana iya wanke tsakuwa shekara guda ba ka gamu da shi ba. Abin da hoton waya ba ya faɗa muku ke nan.

Na biyu, ku ji abin da ya cuce mu. Mu ma mun taɓa zuwa Mambila, mun je da girman kan magina rijiya. Mutanen wurin suka ce mu tokare ramin da itace, wana Isiyaku ya yi dariya ya ce, "Gaba ashirin muke nutsawa a gida, wa ya taɓa tokarewa?" Mun manta ƙasarmu tauri gare ta, tasu kuwa ta sha ruwa ta ƙoshi. Wata rana da hantsi Isiyaku ya miƙo mini dutse kamar ƙwayar wake, ya koma cikin ramin. Ina riƙe da igiya ƙasa ta rufta. Kwana uku muna tono, ba mu kai gare shi ba.

Dillali ya haska dutsen da tocila, ya ce, "Da tsaga a ciki." Ko sayensa bai yi ba.

Dogo, dube ni. Ina jin tsoro, ban ɓoye ba. Ranar da na dawo, Inna ta tambaye ni wa ya yi wa Isiyaku wanka. Har yau ban ba ta amsa ba, kuma ba zan iya jin tambayar nan sau biyu ba.

Allah ya jiƙan wanda muka baro, ya ba mu damina mai albarka, ya sa a yi mana sutura a gaban namu. Na gode.