Igiyar Wule

Hanifa: Salamu alaikum. Baffa, ina wuni?

Baffa: Wa alaikumus salam. Hanifa, ɗiyata. Ina gajiya?

Hanifa: Ba gajiya. Baffa, kana ina yanzu?

Baffa: Ya Zariya? Ya karatu?

Hanifa: Alhamdu lillahi. Baffa, ina son in...

Baffa: Ya malamanku? Ya abokiyar ɗakinki, wagga mai tari?

Hanifa: Rahama ta warke. Kukan shanu nika ji. Kara kake?

Baffa: Yau Talata, ina zan kasance? Tun hantsi ina Mafara. Ba ki tambayi mutanen Damaga ba. Gwaggonki Taibatu na gaishe ki, ƙahwar ta yi sauƙi. Ya zahi wajenku?

Hanifa: Ina amsawa, zahi da sauƙi. An sai da Wule?

Baffa: Mi? Maganarki na yankewa.

Hanifa: Saniyata, Baffa. An sai da ta?

Baffa: Ba ke kinka ce in kawo ta ba? Kin ce kuɗin ɗaki ya hau, abinci ya hau, digirin ga na biyu ya hi ƙarhinki. To ga ta nan, ga Sallau dillali, ga mai saye tsaye.

Hanifa: Igiyar na hannun wa?

Baffa: Hannuna.

Hanifa: Ka ce ka sallama?

Baffa: Tukuna.

Hanifa: To don Allah kar ka ce. Tallahin gwamnati ya shigo, na masu digiri na biyu.

Baffa: Wanda aka ta alkawali tun damina? Ji kinka yi, ko gani?

Hanifa: Na ciro da hannuna. Na biya ɗaki, na auno shinkahwa da wake. Yanzu haka tukunya na bisa wuta.

Baffa: Ba bashi ba na, su zo gobe su ce a biya?

Hanifa: Tallahi na, Baffa. Ba a maidawa.

Baffa: Zai kai ki ƙarshe? Kar ki hwaɗa min mai daɗi don saniya.

Hanifa: Ba yawa gare shi, kome ya yi tsada. Amma in na matse, zai kai ni in gama rubutun binciken.

Baffa: Da can mi kika ci?

Hanifa: Abinci mana.

Baffa: Hanifa.

Hanifa: Gari da ƙuli. Ai da daɗi.

Baffa: Na sani. Muryarki ta hwaɗa min tun wancan mako, shi ya sa ban yi miki gardama ba. Amma wallahi raina bai so. Ita ɗai ta rage muna tun da ɓarayi sunka kore garken. Kakarta ce karsanar da marigayiya uwarki ta ba ki ran suna.

Hanifa: Ni ma tun da na ce a sai da ta ban yi barcin kirki ba. To ya anka yi har azahar ba a saye ba? Kasuwa ta hwaɗi?

Baffa: Ina. Mas'udu mahauci ya taya, na ce Wule ba ta wuƙa ba ta. Wani ya zo, na ga yadda yake riƙon sanda, na hana. Wanga kuwa mutumin Bakura na, kiwo zai yi, tayinshi ya yi kyau. Na duba shi sama da ƙasa na rasa aibinshi. Sai ga wayarki.

Hanifa: Shi ya sa kake ta jan gaisuwa?

Baffa: Da kin bar ni, har kajin maƙwabtanku sai na gaisar.

Hanifa: Kai, Baffa. To ka ce mishi albarka.

Baffa: A'a. Saniya taki ta, ke kinka ce a kawo, ke za ki ce an hwasa. Sallau, karɓi, ga mai ita.

Sallau: Salamu alaikum, malama. Ina wuni? Ina gajiya? Ya karatu? Ya mutanen...

Hanifa: Lahiya lau, Baba Sallau, ka gahwarce ni, katina zai ƙare. Albarka. A ba baƙon haƙuri.

Sallau: Haba ɗiyata, kin ko ji tayin?

Hanifa: Ko nawa na, albarka.

Baffa: Ka dai ji da kunnenka, kawo wayar. Hanifa, akwai abin da na ɓoye miki don kar ki hwasa ki zauna da yunwa. Ciki gare ta, kahin kaka za ta... Hanifa? Kina ji? Ya ƙare. To Wule, juyo, mu tai gida.