Rufin Motar Autana

A bencin shagon kayan gyaran mota, wata tsohuwa ta rungume jakar sifanu tana huci. Direban da ke jira kusa da ita ya kasa haƙuri.

"Inna, lafiya? Ko kanikanci kika fara?"

"Kanikancin gidanku! Mai shagon nan nake jira. Shi ya sayar wa autana waɗannan ƙarafan, yaro ya kwance rufin motarsa ɗungurungum."

"'Yar guntuwar nan mai kujera biyu? Ai haka aka ƙera ta, don a sha iska."

"Na sha! Muna isa ƙofar surukansa iska ta fizge mini ɗankwali. Ni da furfurata, kitson wata biyu a waje, uwar yarinya na tsaye tana kallo. Jibi kuma can za mu koma, kuma wallahi ba na shiga mota tsirara."

"To ai da sauƙi. Sifanun da suka kwance, su ke ɗaurawa. Ƙusa huɗu ce kawai. Ina rufin?"

Tsohuwa ta gyara zama, ta kau da kai.

"Yana gida."

"A ɗauko mana."

"Ya jingine shi a bango kamar ba ya so. Sai na kifa wa kazata."

"Sai a ɗaga kazar, Inna."

"Kwanci take, ƙwai goma sha ɗaya! Kai ba ka da imani? Wanda ya sayar da ƙarfen ɓarna shi zai ba ni wani rufin. Wancan kam sai ta ƙyanƙyashe."