Likitar da ta ja kujera ta zauna

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Hajara, daga Limancin Kona.

Mahaifina malami ne, ciwon suga ya kwantar da shi, ni nake jinyarsa. Ba ya fashin magani, amma duk lokacin da aka auna sai a ce sugan ya hau. Har na fara zargin jabu ake sayar mana.

Rannan a asibiti wata likita ta ja kujera ta zauna, ta ce, "Baba, me kake ci daga asuba zuwa dare?" Nan asiri ya tonu. Ɗalibansa masu zuwa dubiya ne, wannan ya kawo zuma, wancan dabino, shi kuwa Baba ba ya mayar da hannun kyauta baya. Ya ce, "Likita, ai zuma waraka ce." Ba ta yi masa dariya ba. Ta ce, "Haka ne Baba, amma kowane magani da ma'auninsa." Ta daɗe tana koya mini abin da zan riƙa dafa masa, har lokacin cin abincinta ya wuce.

Yau Baba da ƙafarsa yake zuwa masallaci, zaure ya sake cika da karatu, zumar kuwa jikoki ke lashewa!

Amma wata nas ta ce ba a biyan likita ko sisi kan irin wannan zaman. Haba! Malam, a tambaya mana hukuma: in ana biyan allura, me ya sa ba a biyan maganar da ta tayar da mahaifina?

Ina gaida likitarmu. Baba ya ce kullum tana cikin addu'arsa.