Rijiyar da Ban Je Na Gani Ba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Habi, daga wani ƙauye a bakin dam kusa da Dutse.

Maigidana shi ke ɗaukar baƙi a kwalekwale, yana nuna musu kufan garin iyayensa da ruwan dam ya cinye. In ruwa ya ja da bazara, har bakin rijiyar da kakansa ya haƙa ake gani. Kullum sai ya ce, "Habi, zo in nuna miki." Ni kuma in ce, "Malam, kifi na kan wuta, sai gobe." Da kaka Allah ya karɓi abinsa.

Da na fita takaba, 'yarmu Zainabu ta ja ni bakin ruwa. Ga tsuntsaye, ga mutane suna ta murna, ni dai ina tsaye, ban ji komai ba. Zainabu ta ce, "Inna, ina rijiyar su Baba?" Na nuna mata wani kututture. Ta ɗauki hotonsa, ta aika wa yayyenta.

Malam, ban san wurin ba, kuma na kasa faɗa mata. In akwai dattijon da ya taɓa shan ruwan rijiyar nan, don Allah ya zo ya nuna mana kafin damina ta rufe ta.