Na Ga Babanmu a Taron Zagi

Assalamu alaikum, Anti mai gabatarwa. Ni yarinya ce daga Fagge, don Allah a sakaya sunana.

Ranar Asabar na tafi Sabon Gari aron littafin soyayya wurin ƙawata Nkechi. A shataletalen Bata na tarar taron siyasa ya tare hanya. Wani babban shugaba yana kan mota yana zagin abokin hamayyarsa har uwa, jama'a suna amshi. Can gaba na hango Babanmu, hula a hannu, yana maimaita zagin da ƙarfi.

Anti, duk dattijon kirkin da na karanta a littafi, fuskar Baba nake sa masa.

Jiya Yayana da ke karatu a Masar ya kira ni. Ya ce bidiyon taron ya kai can. Abokin ɗakinsa ɗan Senegal ya nuna masa yana dariya: "Ashe haka manyanku suke? Dubi wannan tsohon!" Yaya ya ce masa bai san tsohon ba.

Yanzu ko "ku tashi sallah" Baba ya ce, waccan muryar nake ji. Littafin ma na kasa buɗewa.

Masu sauraro, yaya zan yi? Baba ba ya fashin shirin nan. Baba, in ka gane ni, don Allah kar ka yi fushi.