Wilfred Ya Yarda, Mu Ne Muka Hana

Shugaban taro, Baba Dalhatu. Rabaran da dattawan ikilisiya. Iyayenmu 'yan zumuntar mata. Matasan Sabon Tasha. Jama'a baki ɗaya, salama a gare ku.

Sunana Ezekiel, walda nake yi a Kudenda. Na gode da wannan dama, amma ku gafarce ni, yau raina a ɓace yake.

Kun san Malama Celina, wadda ta koya wa rabin yaran unguwar nan karatu. Wata bakwai ke nan tana kwance da kansar jini. Likitoci sun ce sai an dasa mata ƙwayoyin da ke haifar da sabon jini, waɗanda ke cikin ɓargo. An gwada 'yan'uwanta biyar, ƙaninta Wilfred kaɗai ya dace, kuma ya ce ya yarda. Sai iyayen yarinyar da zai aura suka aiko cewa in ya bayar, babu biki, wai za a zuƙe masa ƙashin baya, ba zai haihu ba. Mu kuma muka gyaɗa kai. Haba jama'a! Wane likita ya faɗa? A wane asibiti?

Ni na ba yayana, shekara shida da suka wuce, don haka ku ji daga bakina.

Da farko an yi mini allura kullum har kwana biyar, domin ƙwayoyin su fito daga ɓargo su shiga jini. Ƙasusuwana sun yi tsami kamar zazzaɓi zai kama ni, ba zan ɓoye muku ba. Sannan aka zaunar da ni, allura a dama, allura a hagu. Jini ya bi ta na'ura, ta tace abin da ake so, ta mayar mini da saura. Awa biyar aka yi, kuma babban tashin hankalina shi ne hancina na ƙaiƙayi, babu hannun sosawa. Wasu kuma ana sa su barci a ɗiba daga ƙashin ƙugu. Ko a nan, babu mai taɓa laka. Bayan mako guda na koma aiki. 'Ya'ya uku muka samu tun daga lokacin. Ga matata Ladi nan, ku tambaye ta.

Mun yi azumi domin Celina, mun yi addu'a, mun yi kuka. Da Ubangiji ya amsa, ya ajiye maganin a jikin ƙaninta, sai muka tare hanya da ji-ta-ji-ta!

Likita ya ce kada a wuce ƙarshen watan nan. Jiya na je duba ta, ta riƙe hannuna ta ce, "Ezekiel, ka gaya wa Wilfred ya yi aurensa. Kada a ce ni na raba su." Mace tana mutuwa, ita ce kuma ke ba mu haƙuri!

Dattawa, ina roƙonku, daga nan kada kowa ya wuce gida. Mu nufi gidan surukan nan, ni zan shiga gaba.

Ubangiji ya tashi kafaɗun Celina, ya kiyaye Wilfred, ya kuma gafarta mana kwanakin da muka cinye mata.

Na gode.