Yinin da Na Karɓi Ajin Rifkatu

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu mai ceto. Ni ce Saratu ta Gozaki. Ban taɓa riƙe alƙalami ba, sakatariyar zumuntar mata ce ke rubutawa, amma bakin nawa ne.

Tun ba a yi jihar Katsina ba, ikilisiyarmu ta buɗe ajin ƙananan yara don iyaye mata su samu zuwa gona. Aka ba 'yata Rifkatu, ita kaɗai. Lokacin cirar auduga har masu rarrafe ake dire mata. Ta koya musu waƙa, ta wanke kashi, ta raba faɗa, ta ɗebo ruwa.

Ni kuwa mace ce mai ji da ƙarfinta. Haihuwa tara na yi, ban taɓa kwanciya don wata gajiya ba. In ta dawo tana jan ƙafa, sai in miƙa mata taɓarya, in ce wadda ta yini a inuwa tana tafi da yara, wane aiki ta yi? Na kuma horar da ita cewa in an tambaye ta ina gajiya, amsa ɗaya ce a gidana: ba gajiya.

Haka ta riƙa amsa wa fasto, ta amsa wa kowa, har muryarta ta dushe. Ta daina ci. In ta ji kukan yaro, jikinta ya hau rawa. Wata safiya aka same ta zaune a ƙofar aji, yara na jan zanenta, ba ta ma san suna yi ba. A asibitin Malumfashi suka ce ba su ga cuta ba, ƙarewa kawai take yi. Ya Ubangiji! 'Yata na narkewa a gabana.

Duk da haka ban saduda ba. Na ce ni zan riƙe ajin, yara ne fa.

Kafin rana ta take tsaka, wannan ya yi amai, wancan ya ciji ɗan'uwansa, wata ta sulale har bakin rijiya, da ƙyar na cafko ta. Daga baya aka zo aka kwashe su. Nan na durƙushe cikin ƙazantar, ina kuka. Na ce, “Yesu, ni na toshe mata baki. Ka gafarta mini, kada ka ɗauke ta.”

Washegari na bi gida-gida, ni da ban iya roƙo ba. Na ce wa mata, gona muna yi mata gayya, ashe mai riƙe mana 'ya'ya ba ta kai gona ba? Wasu suka yi tsaki, amma yawanci suka yarda. Muka raba kwanaki, kullum mata biyu a ajin. Masu goyo su tafi da abinsu a baya. Ran Asabar kuwa ba mai aiken malama ko nan da can.

Sai da damina ta zagayo Rifkatu ta koma aji. Muryar nan da take jan waƙa da ita a sujada ba ta dawo ba har yau, kuma na san hannuna na ciki.

Ran da ta koma, da ta dawo gida na tare ta a zaure na ce, “Ina gajiya?”

Ta ce, “Akwai ta, Inna.”

Na ɗauki taɓaryar da kaina.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya bar mini ita. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa. In kuma malamar 'ya'yanku ta ce muku ba gajiya, kada ku wuce, ku sake tambayarta.